Tambayoyi da amsoshi: ƙaƙa ake zaɓen shugabannin majalisar dokoki, kuma mi ya sa ake aika ma shugaban ƙasa takarda?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambayoyin ga tara su na yi sannu a hankali, wasu daga ɗaliban da nike koya ma tarihi nan Tawa, wasu daga fadarmu ta bayan la'asar inda ake shan shayi ana gardamar siyasa har kiran magariba shi tashe mu. Na san wani zai ce Mushe, majalisar dokokin Nijar ma ba ta zama tun 26 ga Yuli 2023, kundin tsarin mulkin 2010 an jingine shi, to wannan dogon bayani na mi ne? Amsata ita ce yaran da ke gabana yau su ne za su jefa ƙuri'a gobe, wasu ma su ne za su zauna bisa kujerun, kuma ba na son su taso suna ɗaukar cewa shugaban majalisa yaron gidan fadar shugaban ƙasa ne. Duk inda kunka ga na ce kundin 2010 ko wurinmu, to ina maganar yadda abin ya gudana ne a Jamhuriya ta bakwai.

Ranar farko da sabbin depitoci sunka shiga zaure babu shugaba, to wa ke riƙe da zaman?

Dattijon cikinsu. Ana duba takardun haihuwa a fiddo wanda ya girmi kowa shi hau kujera, a fiddo biyu mafi ƙuruciya su zauna kusa da shi su yi aikin sakatare, wannan shi ne biron shekaru, kuma mun gaje shi ne daga Faransa. Kafin nan kotun tsarin mulki ta riga ta tabbatar da sakamakon zaɓe, don haka sunayen da za a kira ɗaya bayan ɗaya an san su. Dattijon nan ba shi da ikon kawo doka ko kiran minista, riƙon amana ne kawai, da an zaɓi shugaba sai shi sauko shi koma kujeratai cikin sauran depitoci.

Maƙwabtanmu na Najeriya su akawun majalisa ke jan zaman farko, ma'aikaci ne ba zaɓaɓɓe ba, haka ma majalisar wakilan Amurka. Ingila kuma wanda ya fi kowa daɗewa cikin majalisar ba tare da yankewa ba shi ake ba, ko da akwai wanda ya girme shi da shekaru. Ni dai tsarin dattijo ya fi kwanta mini, don ko a gidan biki in gardama ta tashi wurin tsoho ake waiwaya.

Ba shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban majalisa ba? Ni haka na taso ina ji.

A'a ƙanena, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Shugaban ƙasa shina naɗa firaminista, shina naɗa ministoci da gwamnoni da dekire, amma shugaban majalisa depitoci ne ke zaɓen shi daga cikinsu, babu sa hannun kowa daga waje da ake jira.

Abin da ke sa ku ji haka kuwa ba ƙarya ba ne gaba ɗai, don a ƙasar ga kujerar ta sha zama ladan ƙawance. Ku duba 1993, ƙawancen jam'iyyu na AFC ya ci zaɓe, Mahamane Ousmane ya zama shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou firaminista, Moumouni Adamou Djermakoye ya samu majalisa. A ƙarshen 1999 Ousmane ya kama ma Tandja Mamadou a zagaye na biyu, shi kuma ya hau kujerar majalisa ya riƙe ta har Mayun 2009. A 2011 Hama Amadou ya goyi bayan Issoufou, ranar 19 ga Afrilu anka zaɓe shi da ƙuri'a 103 cikin majalisa mai kujera 113. A Maris 2021 kuma Seini Oumarou, bayan ya mara ma Bazoum baya. To in ka ga haka sau huɗu dole ka ce ai daga sama ake turo suna.

Amma ciniki daban, doka daban, kuma ranar da lissafi ya juya ake gane bambancin. A zaɓen Janairun 1995 ƴan adawa sunka samu rinjaye, sunka ɗora Issoufou, ɗan Dandaji na nan jiharmu, bisa kujerar majalisa, Hama ya zama firaminista, shugaba Ousmane shina gani ba shi da yadda zai yi. Zaman nan bai yi daɗi ba, gardama ta yi ta ci har soja sunka karɓe a 27 ga Janairu 1996, amma dai ya nuna ma kowa hannun wa ƙuri'ar take. Ƙetaren Ƙonni ma an gani, a 2011 Aminu Tambuwal na Sakkwato ya ci kakakin majalisar wakilai da ƙuri'a 252 alhali jam'iyyatai wata ta tsayar, ita ta samu 90.

Ɗaga hannu ake yi ko jefawa cikin akwati?

Wurinmu a ɓoye ake yi, ana kiran suna, depite shi tashi shi jefa takardatai cikin akwati, sakatarori su ƙirga gaban kowa. Faransa ma haka, zagaye biyu na farko sai mutum ya samu fiye da rabi, a na uku wanda ya fi yawa shi ya ci, in sun yi kunnen doki a ba wanda ya girma. Haka anka yi a 18 ga Yuli 2024, Yaël Braun-Pivet ta samu 220, André Chassaigne 207. Amurka kuwa a fili ne, a kira ka ka miƙe ka faɗi sunan wanda kake so duniya na ji.

Kowane da amfaninai. Na fili talaka na ganin inda wakilinai ya tsaya. Na ɓoye kuma shina kare depite daga tsoron uban jam'iyya, kuma ni nan na fi karkata, don na san yadda mutum ke rasa bakin magana gaban wanda ya biya mai kuɗin kamfe. Gana ta nuna haka a 7 ga Janairu 2021, manyan jam'iyyun biyu kowace na da kujera 137, ga ɗan indipenda guda da ya bi ɓangaren gwamnati, amma da anka ƙirga sai Alban Bagbin na adawa ya tashi da 138, an yi dare ana kokawa bisa akwati har soja sunka shiga zauren.

Mi ne biro, kuma su wa ke ciki? Kestor ɗin ga mi shike yi?

Biro shi ne shugabannin gidan: shugaba, mataimakanai, sakatarorin majalisa, da kestor biyu. Mataimaka su ke jan zama in shugaba ba ya nan, bi da bi bisa matsayinsu. Sakatarori su ke kiran suna, ƙirga ƙuri'a, duba rubutaccen bayanin zama. Kestor kuwa su ne masu riƙon jakar gidan, albashi, motoci, tafiye-tafiye, gyaran gini, duk ta hannunsu ke bi, shi ya sa in ana rabon kujeru za ka ga ido ya fi ja bisa wannan fiye da ta mataimaki na huɗu ko na biyar.

Abu guda da mutane ba su lura da shi: bisa kundin 2010 shugaba ana zaɓen shi ne na tsawon wa'adin majalisar duka, shekara 5, amma sauran membobin biro kowace shekara ake sake zaɓensu. Don haka duk shekara akwai ƙaramin zaɓe a gidan, kuma nan ne ake auna ko ƙawance na nan da rai ko ya fara tsagewa.

Ƴan adawa na da rabo ciki, ko masu rinjaye ke kwashe duka?

Suna da. Kundin ya ce dole biro shi yi kama da fuskar siyasar majalisar, wato kowane gurup na jam'iyyu shi samu gwargwadon yawan depitocinai, in anka hana su suna iya kai ƙara kotun tsarin mulki. Dokar cikin gida ta majalisar ma, wadda ke tsara duk rabon ga, ba ta aiki sai kotun ta duba ta ta ce ba ta saɓa ma kundi ba.

Wata Hajiya ta ƙara da cewa to mata fa? Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ba su kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, 2014 anka kai 15, 2019 anka kai 25. Sun shiga zaure, sun shiga biro, amma babbar kujerar har majalisar ta tsaya mace ba ta taɓa hawanta ba, tun daga Boubou Hama, shugabanta na farko bayan ƴancin kai.

To takardar da ake aika ma shugaban ƙasa bayan zaɓe, ta mi ce?

Wagga ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun ga duka. Da an gama kafa biro, sabon shugaban majalisa shina rubuta ma ɓangaren zartarwa cewa ga mu mun kafu, ga sunan shugabanmu, ga sauran shugabanni. Dokar cikin gida ta majalisar Faransa ta faɗe shi ƙarara, a sanar da shugaban ƙasa, da firaminista, da shugaban majalisar dattawa, kuma majalisun ƙasashenmu masu aiki da Faransanci wannan hanya sunka biyo.

Amurkawa sun fi kowa yi ma abin ado. Sabuwar majalisarsu na zama ranar 3 ga Janairu na kowace shekara mara, su zaɓi kakaki, a rantsar da shi, shi kuma shi rantsar da sauran wakilai, sannan su zaɓi ma'aikatan gidan, akawu, mai kula da tsaro da oda, mai kula da gudanarwa, da limamin majalisa. Daga nan sai ƙananan ƙudurori su biyo baya waɗanda ba a ko gardama bisansu: a sanar da majalisar dattawa, a tura mutum biyu su haɗu da na dattawa su shaida ma shugaban ƙasa cewa an samu adadin da ake bukata kuma a shirye suke su karɓi duk saƙon da shike da shi, sannan a umurci akawu shi sanar da shi sunan kakaki da na akawun. Ƴan mintoci ne an wuce wurin, ƴan jarida ma ba su cika ɗauka ba.

Amma ku kula da kalmar da kyau, sanarwa ce, ba neman izini ba. Kamar maƙwabci ne da ya aiko yaro ya ce an yi muna haihuwa, suna ranar kaza, ba ya aiko ba ne ka zaɓa mai sunan jinjiri. Takardar ga na cewa gida biyu ne, kowane da maigidanai, kuma dole su san juna don aiki ɗaya suke ma ƙasa. Ban da wannan akwai amfani na zahiri: gwamnati na bukatar sanin wa za ta aika ma daftarin doka da kasafin kuɗi, sa hannun wa za ta yarda da shi in doka ta iso, wa za a tuntuɓa in abu ya taso cikin dare. Ko rusa majalisa shugaban ƙasa ke son yi, kundin 2010 ya ce sai ya ji ta bakin shugaban majalisa da firaminista tukuna, to in ba a san a hukumance wa ke bisa kujerar ba wa za a tuntuɓa?

In sunan bai yi ma shugaban ƙasa ba, shina iya maido takardar?

Ba shi iyawa. Cikin wuraren da za ka ga kamar ana neman amincewa akwai Ingila, can sabon kakaki shina tahiya zauren dattawa a shaida mai cewa sarki ya yarda, amma rabon da wani sarki shi ƙi tun 1679, zamanin Charles na biyu, yanzu al'ada ce ta rage. Wurinmu rantsuwar ma ba gaban shugaban ƙasa ake yin ta ba, gaban kotun tsarin mulki ne, bisa littafin addinin mai rantsuwar.

Najeriya akwai ɗan bambanci wajen farawa, shugaban ƙasa ne ke fidda sanarwar buɗe sabuwar majalisa, amma da ta buɗe hannunai ya fita. A 9 ga Yuni 2015 sanatoci 57 da ke cikin zaure sunka zaɓi Bukola Saraki ba hamayya lokacin da da yawa daga ƴan jam'iyyatai ke wani wurin taro a Abuja, Yakubu Dogara ya ci kakaki da 182 bisa 174, jam'iyya mai mulki ta ji zafi ƙwarai amma haka anka yi shekara 4 da su.

In sun kasa daidaitawa fa?

Sai su yi ta maimaitawa, kuma komai na tsaye. A Janairun 2023 a Amurka, Kevin McCarthy sai da anka yi zagaye 15 cikin kwana huɗu kafin shi samu kujerar kakaki, duk tsawon lokacin ba a rantsar da wakili ko guda ba, ba kwamiti, ba doka, ba saƙon da za a kai fadar shugaban ƙasa tunda babu abin sanarwa. Tsakanin 1855 da 1856 ma zagaye 133 sunka yi, wajen wata biyu. Mu namu ya zo ta wata fuska, a Afrilun 1993 jam'iyyar adawa ta MNSD ta ƙi shiga zaɓen Djermakoye ta kai ƙara, kotun ƙoli ta soke zaɓen, anka sake shi a watan Mayu ya sake ci. Mutum guda, kujera guda, amma sai da anka koma anka bi ƙa'ida, kuma ni ina ganin ranar nan kotu ta yi ma ƙasa aiki.

Ana iya tsige shi? In ya rasu ko ya bar ƙasa fa?

Ana iyawa amma da wuya anka yi shi da gangan. Kundin 2010 ya ce rabin depitoci su sa hannu bisa takardar neman tsigewa, sannan kashi biyu cikin uku su amince. Najeriya ma kashi biyu cikin uku ne. Amurka rinjaye kaɗan ya isa, shi ya sa McCarthy ɗin nan ya faɗi a 3 ga Oktoba 2023 da 216 bisa 210.

Wahalar tsigewar ita ta sa da Hama Amadou ya raba gari da gwamnati a Agustan 2013 ya ci gaba da zama bisa kujerar shina adawa. Sai a Agustan 2014 da ya bar ƙasa, mataimaki na farko ya riƙe gidan, a watan Nuwamba kotun tsarin mulki ta ce kujerar ba kowa, ranar 24 ga wata anka zaɓi Amadou Salifou. Ƙa'idar ita ce in majalisa na cikin zama, cikin kwana 15 a cike gurbin. Ba na shiga cikin wa ke da gaskiya a rigimar, kowa a fada da nashi ra'ayi har yau, abin da nike son ɗalibi shi gani shi ne ba fadar shugaban ƙasa ta ce kujera ta faɗi ba, sai da anka bi ta kotu.

Mi ya sa ake ce mai mutum na biyu a ƙasa?

Don in shugaban ƙasa ya rasu, ko ya yi murabus, ko ya kasa aiki kwata-kwata, shi ke riƙon ƙwarya har a yi sabon zaɓe cikin kwana 45 zuwa 90. Wanda ke ganin abin wasa ne shi tuna Togo. Shugaba Eyadéma ya rasu a 5 ga Fabrairu 2005, shugaban majalisa Fambaré Natchaba shina waje, anka rufe iyakoki jirginai ya sauka Kwatano, soja sunka ɗora Faure ɗan marigayin, washegari majalisa ta sauke Natchaba ta ba Faure kujerar don abin shi yi kama da doka. Kujerar da ake zaɓa cikin rabin yini ita ce ta zama makullin ƙasa duka cikin dare guda.

Bayan takardar farko, ta ina gidajen biyu ke magana?

Lokacin da majalisa ke zama akwai minista guda da aikinai shi ne hulɗa da ita, shina zama cikin taron shugabanni, inda shugaban majalisa da mataimaka da shugabannin gurup da na komisiyon ke tsara abin da za a tattauna. Firaminista na zuwa shi karanta manufofin gwamnatinai. Doka in an amince da ita shugaban majalisa ke aika ta, shugaban ƙasa na da kwana 15 shi sa hannu, ko shi maido ta a sake dubawa. Depitoci na kiran minista su yi mai tambayoyi, in abu ya ɓaci su kada gwamnati, kamar 31 ga Mayu 2007 da ƙuri'a 62 cikin 113 ta sauke gwamnatin Hama. Biro kuma shi ke ba da sunan ɗaya daga cikin alƙalai 7 na kotun tsarin mulki.

Yanzu da ake da CCR, haka ita ma take?

Ba daidai ba. Majalisar tuntuɓa ce da anka girka a Yamai a watan Yunin 2025 ƙarƙashin kundin sabunta ƙasa, membobinta ba ta akwatin zaɓen gama-gari sunka shigo ba, kuma shawara take badawa. Tana da shugaba da biro, amma kada ɗalibi shi rubuta mini a jarabawa cewa ita ce majalisar dokoki mai kujera 171 da anka tsaida a 2023.

Mu nan ƙasa, zaɓen magajin gari ma haka shike?

Kusan haka, shi ya sa nike ce ma yara ba sai kun je Yamai ba ku ga abin. Ku kun zaɓi konseye, kamar a 13 ga Disamba 2020, su kuma sunka zauna sunka zaɓi magajin gari da mataimakanai daga cikinsu, anka rubuta bayanin zaman anka aika ma wakilin gwamnati, perefe ko gwamna. Bambancin shi ne komin ba ta kai majalisar ƙasa ƴanci ba, wakilin gwamnati na da hurumin duba ko an bi doka. Birnin Tawa da gundumominai biyu haka anka yi har Afrilun 2024 da anka rusa majalisun anka naɗa masu riƙo.

Talaka na iya shiga shi kalli zaɓen da idonai?

Ƙwarai kuwa Hajiya. Kundin ya ce zaman majalisa a buɗe shike ga jama'a sai in an yanke yin na sirri, kuma ana buga cikakken bayanin muhawara cikin jaridar hukuma. Ginin na nan dandalin Konsertasiyon a Yamai, akwai wurin zaman baƙi. Duk ranar da Allah ya sa anka sake kiran zaman farko, in kina da hali ki ɗauki katin ɗan ƙasa ki je da wuri, ki tahi da ɗiyarki, ku zauna inda za ku hangi akwatin da kyau, kuma kada ku tashi da an faɗi sunan shugaba kamar yadda kowa ke yi, ku dakata har a karanta sunayen kestor.